Waɗanda suka yi wa Sinéad ihu su ne suka dawo suna yabonta

Duk wanda ya ce maka yana son mawaƙi mai faɗar gaskiya komai ɗacinta, ka tambaye shi: gaskiyar wa? Yawancinmu muna son mai tsaurin ido ne muddin yatsansa na nuna wani gida daban. Abin da ya sami Sinéad O'Connor, mawaƙiyar rok ɗin nan 'yar Ireland mai aske kanta ƙwal, ya ishe ni hujja.

A 1990 tana tashe, waƙarta Nothing Compares 2 U ta karaɗe duniya. Da ta ga dama, sai ta yi ta maimaita irinta tana kwasar kuɗi. Ina! Ranar 3 ga Oktoba 1992, a shirin Saturday Night Live da tashar NBC ta Amurka ke watsawa kai tsaye, ta rera waƙar War ta Bob Marley ba kiɗa, sannan ta ɗaga hoton Fafaroma John Paul na biyu ta yayyaga a gaban kyamara. Kukanta shi ne lalata da yara da wasu limaman cocin Katolika ke yi, manya kuma na rufa musu asiri. Ba daga nesa take hange ba: tana budurwa ta yi wata 18 a tsare a wani gidan horo da sistoci ke gudanarwa a Dublin, hoton da ta yaga kuma daga ɗakin marigayiya mahaifiyarta ta ciro shi.

Sai ƙasa ta ɗauki zafi. A New York har motar daɓe aka kawo ta bi ta kan fayafayanta. Kwana 13 bayan shirin ta hau dandamali a Madison Square Garden, wurin bikin karrama mawaƙin Amurka Bob Dylan, jama'a suka rufe ta da ihu. Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Masoyan Dylan fa! Mutumin da aka yi wa ihu a Newport a 1965 don ya ɗauki jita mai lantarki, wanda wani ya kira maci amana a Manchester a 1966. Mutanen da suka taru don girmama taurin kansa su ne suka kasa jure taurin kan mace guda. Mawaƙi Kris Kristofferson ne ya fito ya rungume ta.

Shekara 17 aka yi kafin rahotannin Ryan da Murphy na 2009, wato binciken da gwamnatin Ireland ta sa aka yi, su tona abin da ta faɗa dalla-dalla. A 2010 Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta wa Katolikan Ireland wasiƙa yana ba waɗanda aka zalunta haƙuri. Ita kuwa ta ci gaba da yawo da tambarin mahaukaciya. Da ta rasu ranar 26 ga Yuli 2023 tana da shekara 56, sai ga yabo kamar ruwan Agusta, har mawaƙi Morrissey ya fusata ya ce ana yabonta ne yanzu don lokaci ya riga ya ƙure.

Ba na cewa waliyyiya ce. Bakinta ya sha yin kaifi fiye da kima, ta kuma sha fama da lalurar ƙwaƙwalwa wadda ba ta taɓa ɓoyewa ba. Kiristan da yaga hoton nan ya ɓata wa rai ma yana da hujjarsa. Amma ɓacin rai daban, toshe kunne daga kukan yara daban.

Mu ma kada mu yi saurin tafi. A 2018 ta musulunta ta ɗauki sunan Shuhada' Davitt, daga baya ta koma Shuhada' Sadaqat, da yawanmu muka yi ta murna muna cewa 'yar uwa ta dawo gida. Madalla. To amma da a ce wata mawaƙiya ce daga cikinmu ta tsaya gaban kyamara ta yaga hoton wani babban malamin da muke ji da shi, ta ce ana cutar da yara a hannun almajiransa, mutum nawa ne a wannan shafin zai ce a tsaya a bincika tukuna?