Kafin a ɗora wa takin zamani laifin rijiyarmu

Duk lokacin da gwaji ya nuna sinadarin naitiret ya yi yawa a ruwan rijiya, yatsa na farko manomi ake nuna wa, a ce takin zamani ne ya tsiyaye ƙasa. Sau da yawa zato ne kawai, ga shi kuwa akwai hanyar tabbatarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kayyade miligiram 50 na naitiret a kowace litar ruwan sha. Abin da ya haura haka hatsari ne ga jarirai, domin yana hana jini ɗaukar iskar oksijin har leɓɓansu su yi shuɗi. Tafasa ruwan ba ya raba shi da naitiret, sai ma ya ƙara tattara shi yayin da tururi ke fita.

Hanyar tabbatarwar ita ce auna sinadarin naitirojin da ke cikin naitiret ɗin. Naitirojin iri biyu ne a nan, mai nauyi 14 da mai nauyi 15, su ake kira aisotof. Takin masana'anta daga iskar sama ake haɗa shi, don haka rabon biyun a cikinsa kusan daidai yake da na iska. Bahaya da kashin dabbobi kuwa, ammoniya tana tashi daga cikinsu ta kwashi mai sauƙin, sai mai nauyin ya rinjaya, awo yakan kai +10 zuwa +20 cikin dubu sama da na iska. Ruwan yana riƙe wannan tambari har ƙarƙashin ƙasa.

An gwada wannan a yankin Yamai. Binciken masana Girard da Hillaire-Marcel na 1997 ya karkata ga shadda da kuma naitirojin da ƙasa ke saki bayan an sare itatuwa. Wanda ya san unguwanninmu ba zai yi mamaki ba: rijiya a tsakar gida, shadda a kusurwa, tsakaninsu taku kaɗan, maƙwabci ma ya haƙa tasa jikin katanga. Da an hana sayar da taki a can, da an cuci manoma, rijiyoyin kuma suna nan yadda suke.

Hanyar tana da iyaka. Ba ta raba kashin shanu da na mutum, sai an haɗa da wani gwaji kamar na sinadarin boron. Ƙwayoyin halitta masu cin naitiret a ƙasa suna iya sauya tambarin, shi ya sa ake auna oksijin mai nauyi 18 tare. Ga kuma tsada.

Tsadar ba hujjar zama ba ce. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya (IAEA) ta gudanar da aikin ruwan ƙarƙashin ƙasa a Sahel daga 2012 zuwa 2017 da ƙasashe 13, har da Najeriya da Nijar, kuma ya shafi yankin Tafkin Chadi. Ma'aikatun ruwa su fara da gwajin naitiret mai araha a rijiyoyi da burtsatsen unguwanni masu cunkoso, sannan samfurin da ya wuce 50 kaɗai a tura awon aisotof.