Sabon maganin ƙiba: a duba zuciya da hanta kafin a hau sikeli

Duk lokacin da wani kamfani ya fito da sabon maganin ƙiba, abin da ake fara yayatawa shi ne kilo nawa mutum ya zubar. A ganina wannan ma'aunin masu talla ne. Abin da ke kwantar da mai ƙiba a asibiti shi ne ciwon suga, hawan jini, kitsen da ke taruwa a hanta, da toshewar jijiyoyin zuciya, kuma a nan ya kamata a auna kowane magani.

An taɓa shan wannan darasi. Wani maganin ƙiba mai suna Fen-phen ya rage wa mutane teɓa a Amurka, amma a 1997 aka janye shi bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. Sibutramine ma ya bi sahu a 2010, saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Magungunan yanzu suna kwaikwayon GLP-1, sinadarin da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci. Yana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Abin mamaki, na farkonsu, exenatide, wanda aka amince da shi a 2005, asalinsa daga yawun wani ƙadangare ne mai dafi da ke hamadar Amurka da Meziko. Daga baya semaglutide na kamfanin Novo Nordisk ya zo da sunan Ozempic a 2017, sai Wegovy a 2021.

Abin da ya sa na yarda da semaglutide shi ne gwajin SELECT na 2023. An bi mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, marasa ciwon suga, aka ga maganin ya rage bugun zuciya, shanyewar jiki da mutuwar da ke biyo bayansu da kashi 20 cikin 100. Haka resmetirom da Amurka ta amince da shi a 2024: hanta mai kitse da tabo yake nufa kai tsaye, kuma ba ya buƙatar ramar da kowa kafin ya yi amfani.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Waɗanda suka daina allurar semaglutide a wani gwaji, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo. Ma'ana magani ne na dogon zango, kamar na hawan jini, alhali Wegovy ya shiga kasuwar Amurka da farashin sama da dala 1,300 a wata. Ga tashin zuciya da amai da ke sa wasu ajiye shi, ga tsoka da ke tafiya tare da kitse. Kamfanin da ke son a yaba wa sabon maganinsa sai ya faɗa mana mutum nawa ne suka iya ci gaba da shi bayan shekara biyu, da halin da hantarsu da ƙodarsu ke ciki a lokacin.