Makullin kotu a hannun wanda ake ƙara

Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ba ta karɓar ƙarar mutum kai tsaye sai in gwamnatin da yake ƙara ta riga ta amince a rubuce, bisa sashe na 34(6) na yarjejeniyar da ta kafa kotun. To a nan gizo ke saƙa. Gwamnatin da ake zargi da tsare mutane ba shari'a ita ce za ta ba da izinin a gurfanar da ita!

Ruwanda ta janye amincewarta a 2016, Tanzaniya mai masaukin kotun ta bi sahu a 2019. Kwadebuwa kuwa a 2020, kwanaki kaɗan bayan kotun ta umarce ta da ta dakatar da sammacin kama Guillaume Soro, tsohon firaministan ƙasar, ta tattara nata ya nata.

Masu cewa 'yancin ƙasa ake karewa, ina jin su, amma wallahi ban gamsu ba. Hadijatou Mani, da aka sayar baiwa tana yarinya, kotun ECOWAS, wadda ba ta jiran irin wannan izini, ita ce ta share mata hawaye a 2008, ta umarci Nijar ta biya ta diyya. Da sai an jira izinin gwamnati, wa zai saurare ta?