Jarabawar ɗaukar aiki: a auna aikin, ba Turanci ba

Bankuna, kamfanoni da hukumomin gwamnati sun koma tace masu neman aiki da jarabawar kwamfuta. Ta fi "wa ka sani" nesa ba kusa ba, ta kuma fi cunkoson filin wasa da ya ci rayuka a ɗaukar ma'aikatan shige da fice a Maris 2014. Sai dai jarabawar iri biyu ce, kuma ana yawan cuɗa su.

Ta farko tana auna basira: lissafi, fahimtar rubutu, gano tsari a zane. Tana da amfani, amma a Sakkwato takan auna abin da ba a nufa ba. Matashin Tangaza ko Isa da bai saba da linzamin kwamfuta ba, idan aka ɗora masa tambaya 50 cikin minti 30 da Turanci mai sarƙaƙiya, zai faɗi ko da ya fi kowa lissafi. A raba tambayoyin gwaji tun kafin ranar, a sassauta Turancin, a ware minti 10 na sabawa da na'ura.

Ta biyu, wato gwajin halayya, ita ce ta fi damuna. Shahararren cikin irin waɗannan gwaje-gwaje, mai suna MBTI, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka ƙirƙira a Amurka, yana kasa mutane gida 16. Kamfanin da ya mallake shi ma ya ce kada a ɗauki ma'aikaci da shi. Mutum kan sake gwajin bayan makonni ya faɗa wani gida dabam, mai neman aiki kuma ya san amsar da ake so. Ga batun tarbiyya: wanda aka rena da kunya da kawaici, in aka tambaye shi ko yana son jagorantar magana a taro, zai ce a'a. Sai a rubuta cewa bai dace da shugabanci ba, alhali ladabi ne ya hana shi yabon kansa.

Wurin wannan gwaji bayan an kama aiki ne, wajen tsara horo, kuma a tattauna sakamakon da mai shi.

Wajen ɗauka kuwa, a ba mutum aikin ya yi. Akanta ya daidaita lissafin wata guda, malami ya koyar na minti 15. Sannan a yi ganawa mai tsari: tambayoyi iri ɗaya ga kowa, mutum uku su ba da maki kowa daban kafin su haɗu su tattauna. Nazarin da Paul Sackett, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya sa irin wannan ganawa a sahun gaba wajen hasashen ƙwazon ma'aikaci.