Jan biro ɗaya ya hana 'yata maganinta

Wallahi wannan sakaci na asibitocinmu ya ishe ni. Tambaya ɗaya ake yi wa uwa: "Akwai maganin da ba ya karɓar yarinyar?" Kina cewa Amoxil, wanda dangin penisilin ne, ya taɓa sa mata ƙuraje, shi ke nan, nas ta zaro jan biro ta rangaɗa a bangon fayil cewa penisilin ba ya yi mata. Ba mai tambayar yaushe, ko wane irin ƙuraje, ko numfashi ya sarƙe.

'Yata mai sikila ce. Irin waɗannan yara ana ba su penisilin kullum har su kai aƙalla shekara 5, saboda saifarsu ba ta iya kare su daga ƙwayoyin nimoniya da sanƙarau. Ƙurajen da ake magana kuwa sun feso mata ne lokacin da take mura da zazzaɓi, kuma yayyenta da ba su sha komai ba su ma sun yi irinsu a makon. Na faɗa wa likita haka. Ya ce, "Hajiya, ba ni na rubuta ba, ba zan goge ba." Aka mayar da ita kan wani maganin, eritromaisin, ga tsada, ga murɗar ciki. Kullum sai mun yi kokawa kafin ta haɗiye.

Abin haushin, ba sabon ilimi ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan mutum 10 cikin 100 na cewa penisilin ba ya karɓar su, amma idan aka gwada, masu matsalar ta gaskiya ba su kai 1 cikin 100 ba. Ko masu ita ma, kusan 80 cikin 100 tana barin su bayan shekara 10. Tashin zuciya da gudawa ba su ne alamar cewa penisilin ba ya karɓar mutum ba.

Na san akwai wanda fuska da leɓe ke kumbura masa, maƙogwaro ya toshe cikin mintuna. Wannan ba abin wasa ba ne, a rubuta masa da manyan baƙaƙe. Amma mai 'yan ƙurajen mura fa? A ba ta penisilin kaɗan a gaban likita, a zauna da ita awa guda a gani. Mene ne wahalar wannan? Kuɗin kati ba ku taɓa mantawa da karɓa ba. Ku gwada min 'yata, ku gyara fayil ɗin nan.