Filin Gaddafi da wasan ƙarshen da aka ƙwace wa Lahore

Ranar Lahadi 9 ga Maris, 2025, Indiya ta doke New Zealand ta ɗaga kofin kurket na Champions Trophy. Pakistan ce mai masaukin baƙi, sunanta ne a kan takarda, amma a Dubai aka buga wasan, saboda Indiya ta ƙi zuwa Pakistan, aka yi yarjejeniya ta buga duk wasanninta a can, har da na ƙarshe idan ta kai. Filin wasa na Gaddafi da ke Lahore, wanda aka yi ta aikinsa dare da rana saboda wannan ranar, bai ga wasan ba. Da aka zo miƙa kofi kuma, babu jami'in hukumar kurket ta Pakistan ko ɗaya a kan dandamali. Duk wannan bai ɓata min rai ba kamar yadda wasu masu sharhi suke ta yabon abin, wai an yi sulhu, an yi dattako, kowa ya samu nasa. Wane ne ya samu nasa? Mutum ya share gida, ya yi fenti, ya sayi ragon sunan ɗansa, sai wani daga cikin waɗanda ya gayyata ya ce shi ba zai taka gidan ba, a kwashe taron a kai gidan maƙwabci, kuma a yi yadda ya ce. Wannan fin ƙarfi ne.

Mu a nan ƙwallon ƙafa muka fi sani, don haka wani zai ce fili ai fili ne, ko'ina aka buga ɗaya ne. Ba haka abin yake ba ga wannan filin. A 1959 aka gina shi da sunan Filin Wasa na Lahore, wanda ya zana shi kuwa Nasreddin Murat-Khan ne, mutumin da ya zana hasumiyar Minar-e-Pakistan da ke birnin. A watan Nuwamban shekarar Pakistan ta karɓi Ostireliya a wasan farko na manyan ƙasashe da aka yi a cikinsa. Sunan da muke ji yau ya samo asali ne a 1974, lokacin da Lahore ta karɓi taron ƙoli na biyu na ƙasashen Musulmi a zamanin Zulfikar Ali Bhutto, inda shugaban Libiya Mu'ammar Gaddafi ya fito fili ya goyi bayan 'yancin Pakistan na mallakar makamin nukiliya. Bayan kashe Gaddafi a 2011 an yi ta kiran a canja sunan, daga baya ma aka yi maganar sayar wa kamfani, kamar yadda filin Karachi ya koma ɗauke da sunan banki. Har yau dai filin Gaddafi ake kiransa.

Ginin da mutanen Lahore suke alfahari da shi kuwa aikin Nayyar Ali Dada ne, wanda ya sake wa filin fasali gabanin gasar cin kofin duniya ta 1996. Jan bulo ya yi amfani da shi, ya jera ƙofofi masu bakan gizo zagaye da filin, irin ginin sarakunan Mughal da birnin ya gada, har mai wucewa ta waje zai ɗauka tsohuwar fada ce. A nan aka buga wasan ƙarshe ranar 17 ga Maris, 1996, ƙarƙashin hasken fitilu. Sri Lanka, wadda ba kowa ya ba ta ido ba, ta doke Ostireliya, Aravinda de Silva ya ci maki 107 ba a fitar da shi ba, Firaminista Benazir Bhutto ta miƙa wa kyaftin ɗin Sri Lanka Arjuna Ranatunga kofi da hannunta. Tun daga wannan daren Pakistan ba ta sake karɓar babbar gasa ta hukumar kurket ta duniya, ICC, ba sai a 2025. Shekara 29 aka yi ana jira.

Masu kare matakin Indiya kalma ɗaya suke riƙe da ita, tsaro, kuma da an matsa su sai su ambaci 2009. To, bari mu yi maganar 2009 ɗin, don babu mai ɓoye ta. Ranar 3 ga Maris na shekarar 'yan bindiga goma sha biyu suka buɗe wa motar 'yan wasan Sri Lanka wuta a shataletalen Liberty, dab da filin, suna kan hanyar zuwa wasa. 'Yan sanda shida da farar hula biyu suka rasu, 'yan wasa da dama suka jikkata. Direban motar, Meher Muhammad Khalil, bai tsaya ba, ya taka mai cikin ruwan harsashi har ya shigar da su filin. Jirgi mai saukar ungulu ne ya sauka a tsakiyar ciyawa ya kwashe su. Pakistan ta ɗanɗana kuɗarta: aka cire ta daga masu karɓar gasar kofin duniya ta 2011, ta yi shekaru tana buga wasanninta na gida a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yara suka taso a Lahore ba su taɓa ganin 'yan wasan ƙasarsu ido da ido ba.

Amma wa ya fi 'yan Sri Lanka hujjar jin tsoro? Su ne aka harba, kuma su ne suka koma wannan filin a watan Oktoban 2017 suka yi wasa. Kafin su, Zimbabwe ta je a 2015. Ostireliya, wadda rabonta da Pakistan tun 1998, ta je a 2022 ta yi wasan kwana biyar a Lahore ta ci ta tafi lafiya. Ingila ta je, New Zealand da ta taɓa fasa wasa a 2021 ta dawo. A gasar 2025 ɗin ma ƙasashe shida baƙi suka shiga Pakistan suka fita ba abin da ya taɓa su. Ministan harkokin wajen Indiya da kansa ya sauka Islamabad a watan Oktoban 2024 don taron ƙasashen ƙungiyar Shanghai. Ita kuma Pakistan ta tura 'yan wasanta Indiya a 2023, suka buga a Ahmedabad gaban taron da kusan babu mai goyon bayansu a ciki. Ashe maganar ba ta tsaro ba ce. Rikicin gwamnatoci ne da ya daɗe, wanda ya ƙara tsami bayan harin Mumbai na 2008, kuma gwamnatin Indiya tana da 'yancin hana 'yan wasanta tafiya. Abin da ba ta da 'yancinsa shi ne ta ƙi zuwa sannan a ba ta tukwici.

Ka'idar a bayyane take, don an taɓa aiki da ita. A gasar 1996 ɗin nan, Ostireliya da West Indies suka ƙi zuwa Colombo bayan bam ɗin da aka tayar a babban bankin Sri Lanka. Ba a ɗauke musu wasa zuwa wani wuri ba, aka ba Sri Lanka makin. A lokacin ma Indiya da Pakistan ne suka haɗa tawaga guda suka je Colombo suka yi wasa don nuna wa duniya cewa garin lafiya lau yake. A 2003 Ingila ta ƙi zuwa Zimbabwe, New Zealand ta ƙi zuwa Kenya, dukkansu suka yi asarar maki. Me ya canja tsakanin wancan lokaci da yanzu? Kuɗi. Kaso mafi tsoka na kuɗin talabijin da ke riƙe da kurket a duniya daga kasuwar Indiya yake fitowa, kuma a rabon da ake yi yanzu hukumar Indiya ita kaɗai tana kwashe sama da kashi 38 cikin ɗari na abin da ICC take rabawa. Shugaban ICC tun 1 ga Disamba, 2024, Jay Shah ne, tsohon sakataren hukumar Indiya, ɗan ministan cikin gidan ƙasar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ICC kuwa ta yi askin a bainar jama'a.

Dubi yadda abin ya kasance a aikace. Indiya ta buga wasanninta biyar a fili ɗaya, ta san ƙasarsa, ta san yadda ƙwallo ke juyawa a kansa, ba ta hau jirgi ba. Afirka ta Kudu kuwa sai da ta tashi daga Pakistan zuwa Dubai don jiran tsammanin ko da Indiya za ta haɗu, da ta tabbata ba haka ba ne ta juyo Lahore washegari, ta shiga wasan kusa da na ƙarshe da gajiyar hanya, New Zealand ta doke ta. Ɗan wasan Afirka ta Kudu David Miller ya faɗi ɓacin ransa bayan wasan. Ban ce Indiya ba ta da gwanaye ba, tana da su, kuma mai yiwuwa ko a Lahore aka yi ita za ta ci. Shi ya sa ma abin ya fi ciwo, ƙungiya mai wannan ƙarfin ba ta buƙatar a share mata hanya.

Akwai masu cewa yarjejeniyar ta yi adalci tunda ita ma Pakistan ba za ta je Indiya ba har 2027. Wannan zancen banza ne, don babu wanda ya isa ya sa Indiya ta gina fili sannan ta zauna tana jiran sakamakon wata ƙasa kafin ta san ko za a yi wasa a cikinsa.

Wasu kuma, har daga cikin 'yan Pakistan, suna cewa kuɗin gyaran ya bi ruwa. Ban yarda ba. Hukumar kurket ta Pakistan, ƙarƙashin Mohsin Naqvi, ta ce cikin kwana 117 aka kammala aikin, Firaminista Shehbaz Sharif ya buɗe shi ranar 7 ga Fabrairu, 2025. An rushe tsohon babban gini an tayar da sabo mai ɗakunan 'yan wasa da na baƙi, an sa sababbin kujeru har filin ya kai ɗaukar mutum kusan 35,000, an kafa sababbin fitilu da manyan allunan kallo biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne cire shingen ƙarfen da ya daɗe yana tare wa 'yan kallo gani, aka haƙa rami mai faɗi a madadinsa, ta yadda talakan da ya sayi tikiti mai araha zai ga wasa tar, ba ta ramukan waya ba. A wannan filin Ostireliya ta cim ma maki 351 da Ingila ta tara, a nan Ibrahim Zadran ya ci 177 Afghanistan ta yi waje da Ingila. Inda suka gaza shi ne magudanar ruwa, don ruwan sama na ɗan lokaci ya kashe wasan Afghanistan da Ostireliya ranar 28 ga Fabrairu, ma'aikata suna ta fama da soso da tsumma. Wannan laifin hukumar ne, kuma gaggawa ce ta jawo shi.

Sauran ƙasashen da ke da ƙuri'a a ICC, musamman Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Sri Lanka da Bangladesh, su daina yin shiru don tsoron kada Indiya ta fasa kai musu ziyara. A dawo da dokar 1996, wanda ya ƙi zuwa ya rasa maki, ko wane ne shi. An ba Pakistan gasar kofin duniya ta mata ta 2028. Tun yanzu a rubuta cewa a Lahore za a buga wasan ƙarshe ko da Indiya ta kai, hukumar Pakistan kuma ta gyara magudanar nan kafin damina.