Yadda Furen Teku Ya Kumbura Mini Leɓe

Duk wanda ya ga furen teku a karon farko zai rantse cewa tsiro ne, kuma da wannan yaƙinin na durƙusa a gabansa ranar da muka je bakin teku da ƙanena, wanda yake karatun ilimin halittu a jami'a. Ruwa ya janye ya bar ƙananan kududdufai a tsakanin duwatsu, ga abin nan a cikin ɗayansu manne da dutse, kore shar, 'yan yatsunsa masu laushi suna rausaya. Ƙanena ya ce, "Yaya, dabba ce fa, dangin murjani da jelifish, wata halitta mai taushin jiki da ke yawo a cikin teku, kuma tana harbi." Na yi masa kallon da ake yi wa yaron da boko ya fara yi wa yawa, na sa yatsa na taɓa.

Ban ji zafi ba ko kaɗan. Yatsan dai ya ɗan manne kamar na dangwali ƙaro, ita kuwa dabbar ta tattara kanta ta dunƙule. Na miƙe ina sanar da shi cewa a littafi ne kawai take harbi, kuma ina tsakiyar jawabin ne na sa wannan yatsan na share gumin da ya taru a saman leɓena.

Kafin in kai ƙarshen maganar, leɓen ya ɗauki raɗaɗi ya fara tasowa. Maimakon ƙanena ya tausaya mini, sai fuskarsa ta cika da murna, domin ya samu ɗalibin da ba shi da bakin musu. Ya ce a jikin yatsun dabbar akwai ɗimbin ƙananan kwansuna da ido ba ya gani, kowanne da zare mai ƙaya nannaɗe a ciki tare da dafi, kuma da zarar an taɓa ɗan gashin da ke bakinsa sai murfin ya buɗe zaren ya faso. Mannewar da na ji ashe harbi ne, kaurin fatar yatsa ne ya tare shi, sauran kwansunan da ba su fashe ba kuwa ni da kaina na yi musu dako zuwa inda fata ta fi taushi. Har ya ƙara da cewa a 2006 masana sun auna irin wannan harbi a jikin wata 'yar uwarta ta ruwan daɗi, suka tarar yana fita cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Na so in ce masa ya isa haka, amma leɓen ya ƙi ba ni haɗin kai.

Wani bawan Allah ya sheƙo da gorar ruwan sha ya kwarara mini a fuska kafin ƙanena ya hana shi, alhali ruwan da babu gishiri yana tayar da ragowar kwansunan ne, sai zafin ya ninku. Wani kuma ya matso cikin natsuwa ya ce maganin da kowa ya sani shi ne fitsari. Ƙanena ya ce wannan camfi ne, amma ko da likitocin duniya sun haɗu a kansa, ya kamata mai ba da shawara ya fara duba inda ciwon yake. A ƙarshe da ruwan teku aka wanke wurin ba tare da murzawa ba, sannan aka dinga gasa shi da ruwan ɗumi har raɗaɗin ya lafa.

Da muka koma gida, maiɗakina ta dubi bakina ta yi salati, ta tambaya da wa na yi faɗa. Ina ƙoƙarin harhaɗa amsar da za ta tsare mini mutunci, sai ƙanena ya riga ni: "Anti, da wata dabba ce wadda ba ta da ƙashi, ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, kuma ko motsawa daga wurinta ba ta yi ba."